Kirki da Ƙarfin Zuciya a Ma'aunin Iko

Masana halayyar ɗan Adam da masana siyasa sun daɗe suna saɓani a kan abin da ya cancanci a kira shi ikon mutum, wato damar da yake da ita ta sa abu ya faru ko ya hana shi faruwa ko da akwai masu turjiya. Ɓangare ɗaya yana ganin iko a tattare yake da abubuwan da ido ke gani, kamar sarauta da dukiya da makami da yawan magoya baya, kuma duk wanda ya rasa waɗannan, komai kyawun halinsa, yana rayuwa ne bisa ganin damar waɗanda suka mallake su. Ɗaya ɓangaren kuwa yana cewa waɗannan duka aro ne, zanen aro kuma ba ya rufe katara, domin sarki ana tuɓe shi, attajiri yana karyewa, makami kuma yakan koma hannun abokin gaba, saboda haka abin da mutum zai kira nasa na ƙashin kansa shi ne halin da ba a iya ƙwace masa, musamman kirki da ƙarfin zuciya idan suka haɗu a ƙirji ɗaya. Amsar da al'umma ta ba wannan tambaya ita ce take yanke irin mutumin da za ta nuna wa 'ya'yanta ta ce su yi koyi da shi.

A shekarar 1974 aka wallafa wata lacca ta Anthony Kirk-Greene, Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a Arewacin Najeriya kafin ya koma koyarwa da bincike, inda ya nazarci abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki. Siffofin da ya lissafo guda goma ne: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Jarumta ba ta cikin jerin, kuma wannan giɓi abin lura ne, domin a al'adar Hausa yabon jarumi yana da nasa fili daban, a bakin makaɗan maza da cikin kirarin mafarauta da 'yan dambe da 'yan tauri, inda ake koɗa mutum da cewa ba ya ja da baya, ba tare da an tambayi ko yana da tausayi ba. Al'umma ta san gwanaye iri biyu ke nan, wanda ake ba ajiya da wanda ake nema ranar artabu, kuma ba lallai ba ne su zama mutum ɗaya. Da'awar masu ra'ayi na biyu ita ce, kowace ɗaya daga cikin siffofin nan idan ta tsaya ita kaɗai ba ta zama iko. Mai kirkin da ba shi da ƙarfin zuciya yana jin zafin abin da ake yi wa maƙwabcinsa, amma yana jin ihu sai ya saka sakata, tausayinsa bai tsinana wa kowa komai ba. Mai ƙarfin zuciyar da ba shi da kirki kuwa ƙarshensa daba, kuma ɗan daba, duk da tsoronsa da unguwa take ji, kayan aikin wani ne, wanda ɗan siyasa yake haya lokacin zaɓe ya yasar bayan an rantsar da shi.

Hujja mafi ƙarfi da wannan ɓangare yake kawowa daga ƙasar Najeriya ita ce abin da ya faru a ƙauyen Nghar, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato, ranar 23 ga Yuni, 2018. A ranar ne mahara ɗauke da bindigogi, waɗanda aka yi zargin makiyaya ne, suka afka wa ƙauyukan yankin, mutane suka tarwatse suna neman mafaka, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Limamin Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata gidansa, ya shigar da maza masallaci, har adadin waɗanda ya ɓoye ya kai 262. Da maharan suka iso suka nemi ya fito da su, sai ya tsaya a ƙofa ya ƙi, ya faɗi ƙasa a gabansu yana roƙo, ya kuma miƙa ransa a madadin na waɗanda suke ciki. Ba shi da bindiga, ba shi da dakaru, ba shi da ƙarfin jikin da zai ture ko saurayi ɗaya daga cikinsu, amma suka juya suka bar masallacin. A shekarar 2019 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba shi lambar yabo ta kare 'yancin addini.

Masu wannan ra'ayi ba sa ɗaukar abin da ya faru a matsayin sa'a, domin a ganinsu yana da hanyar da ya bi ya yi aiki. Mai makami yana dogara ne da tabbacin cewa wanda ke gabansa ya fi son ransa fiye da abin da ake nema a hannunsa, kuma muddin wannan tabbaci yana nan, nuna makamin kaɗai ya isa. Idan aka samu wanda ya riga ya sallama ransa, barazanar ta faɗi, sai ya rage wa mai makami ko dai ya kashe dattijo marar makami a ƙofar masallaci a gaban abokan tafiyarsa, ko ya janye. Ƙarfin zuciya shi ya kai limamin ƙofar, amma kirki ne ya tsayar da shi a can dominsu, kuma kirkin ba na ranar ba ne, domin shi da bakinsa ya bayyana cewa Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin a kai, sama da shekara 40 kafin harin. Alherin da aka yi wa baƙi a wancan zamani shi ya zama ginin da ya kare 'ya'ya da jikokin waɗanda suka yi shi.

Ɗaya ɓangaren bai musanta girman abin da limamin ya yi ba, sai dai yana musanta cewa wannan ya isa a kira shi iko, kuma hujjojinsa ba na raini ba ne. Da farko yana kawo lissafi. A hare-haren waɗannan kwanaki 'yan sanda sun fara sanar da mutuwar mutum 86, wasu ƙididdigar daga baya kuma suka haura 200, kuma maharan da suka bar masallacin ba gida suka nufa ba, sun ci gaba da ɓarna a kusa. Wanda ya yanke hukuncin wa zai rayu wa zai mutu a wannan rana shi ne mai bindiga, limamin roƙo ya yi, mai roƙo kuma ana iya ba shi ana iya hana shi. Sannan suna cewa ko nasarar da ya samu ba daga halinsa kaɗai ta fito ba, akwai limanci da furfura da alfarmar masallaci a idon maharan, waɗanda su ma matsayi ne da al'umma ta ba shi, wato wani nau'in aro. Da matashi ne marar muƙami ya tsaya a ƙofar shagonsa da zuciya irin wannan, babu tabbacin za a saurare shi. Daga nan suke kawo hujjar da ta fi ciwo, cewa labarin waɗanda suka tsaya suka yi nasara ne kaɗai yake kaiwa ga jama'a, waɗanda suka tsaya aka bindige su a ƙofa tare da baƙinsu ba su da mai ba da labarinsu, don haka al'umma tana auna ƙarfin kirki da ma'aunin da aka cire masa duk asararsa. Bahaushe ma ya san wannan shakka, shi ya sa yake cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Wannan ra'ayi yana da tsohon tushe a nazarin siyasa. Niccolò Machiavelli, ma'aikacin gwamnatin birnin Fulorans na ƙasar Italiya, wanda ya rubuta littafinsa na nasiha ga masu mulki a 1513, ya yi hukuncin cewa idan shugaba ba zai iya haɗa so da tsoro ba, ya fi masa aminci a ji tsoronsa, domin so yana hannun talakawa, suna bayarwa suna janyewa, tsoro kuwa yana hannun shugaba. A wani babi na littafin ya kawo misalin Girolamo Savonarola, malamin Kirista mai wa'azin gyara wanda ya juya birnin da harshensa kaɗai na wasu shekaru, amma da jama'a suka juya masa baya ba shi da abin da zai riƙe su da shi, aka rataye shi aka ƙone gawarsa a 1498. Misali mafi kusa shi ne kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal mai sa ido a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙa ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingayen makasa da magana da raha da lallashi, ba tare da makami ba, har ya kuɓutar da ɗaruruwa, cikinsu har da 'ya'yan Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana da aka kashe. Ɓarɓashin harsashin igwa ya kashe shi ranar 31 ga Mayu, kuma a 2014 Kwamitin Tsaro na Majalisar ya ƙirƙiro lambar yabo ta jarumta da sunansa. Amma a kwanaki kusan 100 an kashe mutum wajen 800,000, kuma abin da ya tsayar da kisan shi ne rundunar 'yan tawayen RPF da ta kama Kigali a watan Yuli da ƙarfin bindiga. Kwamitin Tsaron da ya karrama Diagne bayan shekara 20 shi ne wanda a watan Afrilun 1994 ya rage rundunar da Diagne yake ciki zuwa mutum 270 kacal.

A nan ne masu shakka suke kai ga hujjarsu ta ƙarshe, wadda ta cancanci a tsaya a kanta fiye da sauran. Suna cewa yabon kirki a matsayin iko magana ce mai daɗi ga masu riƙe da iko na zahiri, domin tana sauke musu nauyi ta ɗora wa marasa ƙarfi. Idan aka koya wa talaka cewa haƙurinsa da kyawun zuciyarsa su ne ƙarfinsa, zai daina neman ƙuri'a da kotu da ƙungiya, waɗanda su ne suke canja masa rayuwa. Tarihin siyasar Arewa ya ba su abin kafa hujja. Malam Aminu Kano, wanda yake cikin jagororin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, ya shahara da tsantseni da gudun duniya da rashin tsoro, magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a hannun hukumomin gargajiya na lokacin, Hajiya Gambo Sawaba ma ta shiga kurkuku sau da yawa saboda wannan tafiya. Duk da haka haraji da jangali, waɗanda NEPU ta shekara tana kuka da su, ba su tafi a jihar Kano ba sai da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci kujerar gwamna a 1979, Abubakar Rimi ya soke su da alƙalamin ofis. A Kaduna kuwa, inda PRP ta ci gwamna amma ba ta da rinjaye a majalisa, an tsige Balarabe Musa a 1981, gaskiyarsa ba ta hana ba. A wurin masu shakka, wannan ya nuna cewa hali yana jawo tausayi, kujera ce take zartar da hukunci.

Sai dai wannan misali yana da baki biyu, kuma masu ra'ayin kirki sun fi riƙe shi da kyau. Tambayar da suke yi ita ce, me ya kai PRP kujerar? Jam'iyyar ba ta fi abokan takararta kuɗi ba, ba ta da goyon bayan fada, abin da take da shi shi ne amanar da talakawa suka ba mutumin da suka shekara kusan 30 suna gwadawa ba su kama shi da cin amana ko gudu ba. Alƙalamin Rimi ya yi aiki ne da tawadar da waɗancan shekarun ɗauri suka tara. Malam Aminu bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba, ya nemi shugabanci a 1979 ya faɗi, ya rasu a 1983 yana zaune a gidansa na Gwammaja, amma har yau 'yan siyasar da suka fi shi dukiya da muƙami suna neman a jingina su da sunansa, abin da ba wanda yake yi da sunan hakiman da suka sa aka ɗaure mabiyansa.

Daga nan suke faɗaɗa magana su ce ƙarfin tilas kansa bai tsaya da ƙafarsa ba. Hannah Arendt, masaniyar falsafar siyasa, ta bambanta iko da tashin hankali a wani littafinta na 1970, inda ta nuna cewa iko yana fitowa ne daga yardar mutane su yi aiki tare, tashin hankali kuma yana iya rusa shi amma ba ya iya haifar da shi. Umarnin harbi ba ya zama harbi sai an sami yatsan da ya yarda ya ja kunama, kuma mai yatsan yana da uwa da addini da kunya. Erica Chenoweth da Maria Stephan, a binciken da suka wallafa a 2011, sun nazarci gwagwarmaya 323 tsakanin 1900 da 2006, suka gano cewa waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara a kusan kashi 53 cikin ɗari, masu makami kuwa a kusan kashi 26. Masu shakka za su ce wannan ƙarfin taro ne, sarkin yawa da ya fi sarkin ƙarfi, ba ikon mutum ɗaya ba, kuma sun yi gaskiya, illa dai taro ba ya fitowa fili sai wani ya fara fita shi kaɗai, kuma ba ya bin wanda bai yarda da nufinsa ba.

Akwai kuma batun afuwa, wanda kowane ɓangare yake ja zuwa wajensa. A shekara ta 8 bayan Hijira Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shiga Makka da runduna ta mutum 10,000, ya yi afuwa ta gaba ɗaya ga mutanen da suka kore shi suka yaƙe shi. Masu shakka suna cewa afuwar ta yi tasiri ne saboda rundunar tana tsaye, domin yafiyar wanda ba zai iya ramawa ba ba a bambanta ta da gazawa. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa masu runduna da suka ci birane ba su ƙirguwa a tarihi, kaɗan ne suka iya riƙe hannunsu a ranar nasara, kuma wannan riƙe hannu shi ne abin da runduna ba ta bayarwa, shi ya sa koyarwar Musulunci ta sanya ma'aunin ƙarfi a mallakar kai lokacin fushi, ta fifita shi a kan kayar da abokin kokawa.

Idan aka auna hujjojin nan da adalci, za a ga cewa masu shakka sun yi nasara a kan da'awar da ta wuce gona da iri, wato cewa kirki da jarumta suna kare mai su ko suna tabbatar masa da rinjaye. Ba sa yi, kuma zalunci ne a yi wa matashi alkawarin da duniya ba ta cikawa. Amma sun kuskure da suka mai da tsira da rinjaye su ne ma'aunin iko, domin tambayar tun farko a kan abin da mutum yake iya zartarwa da kansa take, a lokacin da aka raba shi da duk abin da aka ara masa. Likita Stella Ameyo Adadevoh ta nuna wannan a Legas a watan Yulin 2014, lokacin da Patrick Sawyer ya iso daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, ya nemi a sallame shi daga asibiti domin ya halarci taro a Kalaba, aka kuma matsa mata lamba ta sake shi. Ta ƙi, ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Babu bindiga ko kujerar da za ta yi abin da ta yi, domin a wannan sa'a hukuncin yana hannun wanda ke tsaye a bakin gadon marar lafiya, kuma da ta fi son ranta ko aikinta fiye da miliyoyin mutanen da ba ta sani ba, da ta buɗe ƙofa. Ta rasa ranta, amma nufinta ne ya zartu a kan nufin waɗanda suka fi ta matsayi, wannan kuwa shi ne ma'anar iko da aka fara da ita.

Abin da ya biyo bayan tsayuwarta shi ne yake raba labarin Legas da na Filato. Kwanakin da ta saya da ranta sun tarar da hukuma a shirye: an kafa cibiyar ɗaukin gaggawa bisa ƙwarewar da aka tara a yaƙi da shan inna, ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida, annobar ta tsaya a mutum 20 da mutuwar 8, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa Najeriya ta kuɓuta. A Filato kuwa, limamin Nghar ya riƙe baƙinsa kwanaki yana ciyar da su har suka samu inda za su koma, amma rikicin filin noma da kiwo da ramuwar gayya da rashin hukunta masu laifi, waɗanda su suka haifar da harin, sun fi ƙarfin abin da dattijo ɗaya zai warware daga ƙofar masallaci. Wannan aiki ne na kotu da jami'an tsaro da hukumomin ƙasa, kuma ba a kammala shi ba. A jajibirin Kirsimeti na 2023 mahara suka sake afka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe sama da mutum 150, a yankin da aka karrama limaminsa shekara huɗu kafin nan.